Abin da Tsigi Ba Ta Hango Ba

Asabar, 14 ga Maris, ƙarfe biyar saura kwata na yamma.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina rubuta maka wannan ne daga ofishinmu na gidauniya, wato ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo a filin wasa, inda a da ake jibge tsofaffin raga. Yara sun watse, ba kowa sai mai ba ciyawa ruwa da nake jin motsin tiyonsa ta taga. Teburina yana jingine da buhun ƙwallaye, ɗakin kuma warin roba da man zafi yake yi, amma na saba. Abokin aikinka da ya zo hutu zai juya jibi, shi zan ba ya kawo maka hannu da hannu. Na zaɓi takarda a kan waya ne saboda ka san halina: da ka ɗan ɗaga murya sai maganar ta tsere mini, in na tattaro ta kuma layi ya yanke. A nan ba mai katse ni, don haka ka yi haƙuri da tsawonta.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya kare idanunka daga tartsatsin walda, Ya sa albarka a guminka, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har tana hawa matakala ba mai riƙe ta, ko da yake in ta lura ana kallonta sai ta ɗan ƙara ɗingishi don kada a daina tausaya mata. An gyara yoyon rufin kicin. Maman Tsigi tana nan manne da keken ɗinkinta, aiki ya yi mata yawa har ta ɗauki mai taya ta guga. Auta kuwa ya fara aske gemun da bai fito ba, yana cinye maka rezar da ka bari.

Yaya, a wayar da ka yi bayan ka ga sakamakon zangon da ya wuce, ka faɗi abu biyu. Ka ce a cire Tsigi daga shirin ƙwallo kafin wannan zango ya ƙare, tunda ta zo ta arba'in da ɗaya cikin arba'in da uku, malaminsu kuma ya rubuta cewa tana barci a aji. Ka ce gajiyar guje-guje ce take kai ta barcin. Sannan ka ce ni da na kai ta, ni zan cire ta. Ban cire ta ba tukuna. Ba raini ba ne, Allah Ya sani. Dalili ne ya taso, kuma ina so in jera maka shi yadda ya faru, abin da na gani da idona in ce na gani, abin da aka gaya mini in ce gaya mini aka yi. Bayan nan hukunci naka ne, 'yarka ce.

Bari in fara da wurin aikin nawa, domin na lura har yanzu kana ɗauka tara yara kawai muke yi su yi ta tsalle-tsalle. Kulob ɗin da ka sani, wanda kake bin wasanninsa a rediyo kana zagin alƙalin wasa, shi ya kafa gidauniyar, yana ware mata wani kaso daga tikiti da rigunan da yake sayarwa. Amma ba ita kaɗai take aiki ba. Makarantun firamare na unguwannin da ke kewaye da fili su ke turo yaran. Wani gidan burodi yana kawo burodi da madara, ƙungiyar teloli tana ɗinka musu kayan wasa, har Maman Tsigi ta ɗinka dogayen wandunan 'yan mata. Yara suna zuwa da yamma sau uku a mako. Sai sun zauna karatu a ɗakin da ke kusa da nawa, sun ci sun sha, sannan a buɗe musu ƙofar fili. Wanda bai je makaranta da safe ba, ba ya sa takalmin ƙwallo da yamma. Aikina shi ne zirga-zirga tsakanin makarantu da fili, in ji abin da malamai ke cewa, in kai wa masu horarwa, in dawo da nasu. Digirin da ka sha wahala a kansa, ga inda ya fara amfani.

Mai horar da 'yan mata tsohuwar 'yar wasa ce, kowa Koci yake ce mata, muryarta kuwa ba ta buƙatar lasifika. Ranar farko da ta ji ana kiran 'yarka Tsigi, sai ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce wane mai ƙarya ne ya sa wa wannan falwaya sunan ɗan tsuntsu. Na gaya mata kai ne, kuma lokacin da ka sa mata sunan tafin hannunka ɗaya ya ishe ta kwanciya. Saboda tsayin ne Koci ta sa ta tsaron raga. A nan wani abin mamaki ya fito. In aka zo gab da ita aka buga, ko fenareti ne, sai ta cafke kamar da ita aka shirya. Amma in aka ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili, mai tafiya a hankali wadda ko Inna za ta tare, sai ta tsaya ƙiƙam har ta wuce ta gefen kunnenta. Yaran wata makaranta da muke karawa da su suka gane, suka riƙa ihu wa junansu cewa a buga mata daga nesa, suka kuma laƙaba mata Rariya. Koci ta gaya mini abin yana hana ta sukuni. Ta ce yarinyar da ke jefa fuskarta gaban takalmi ba matsoraciya ba ce, ba kuma malalaciya ba, to me ke daskarar da ita?

Ni ma ina da nawa abin da ke damuna. A ɗakin karatunmu yara suna zagaye teburi ne, littafi a gaban kowa, ba allo. A nan Tsigi tana cikin na gaba-gaba, musamman a lissafi. A makaranta kuma ga abin da ka gani. Kamar yara biyu masu fuska ɗaya. Na shiga fargaba ƙwarai, don na san abin da za a ce: gwaggonta ce ma'aikaciya a wurin, ita ke yi mata aikin. Har na roƙi malamar da ke taya mu karatun ta riƙa duba aikin Tsigi ita kaɗai, ni ko kusa da teburinsu ba na zuwa. Sakamakon bai canza ba. Shi ne na nemi izinin hedimasta in zauna a ajinsu in ga darasi ɗaya, kamar yadda nake yi wa kowane yaro da aka kawo ƙorafinsa.

Makarantarsu tana da wani tsari da suka daɗe a kansa, suna ma alfahari da shi. Ranar farko ta kowane zango ana jera yara bisa matsayinsu a jarrabawa. Na ɗaya yana benci na farko gab da allo, na biyu kusa da shi, haka har a kai na ƙarshe can jikin bangon baya. Wai don kowa ya yi ƙoƙarin matsowa gaba. Tsigi kuma, saboda tsayinta, tun tana aji uku ake ƙara tura ta layi ɗaya baya da inda ta cancanta, kada ta tare wa wasu. Na tarar da ita a benci na ƙarshe, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Na zauna gefenta. Allon ya koɗe, hasken taga yana dukansa, amma ni ina karanta abin da ke kai. Malam ya fara rubutu, na saci kallonta. Sai na ga ta matse idanu har sun kusa rufewa, ta miƙa wuya, ta daɗe a haka, sannan ta haƙura ta leƙa littafin ta kusa da ita ta kwafa. Ita ma waccan daga na gabanta take kwafa, da kurakuransa da komai. Yaya, wannan matse idon shi ne barcin da aka rubuta maka. Daga inda malam yake tsaye, duk wanda ya hango ta zai rantse gyangyaɗi take yi.

Ban ce komai a ajin ba, don ban tabbata ba, kuma ni ba likita ba ce. Da aka tashi muka biyo titi tare, muka tsaya daidai inda ake tsallakawa. Na nuna mata allon kantin magani da ke ɗaya hannun, mai manyan haruffa, na ce ta karanta mini. Ta dube ni ta ce wai dama akwai rubutu a wurin? Ita koren kanti kawai ta san shi. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce me za ta faɗa, ai ta ɗauka kowa haka yake gani. A tunaninta, abin da ke kan allo hayaƙi-hayaƙi ne ga kowa, masu ƙoƙari su ne waɗanda kunnensu ke saurin kama abin da malam ke faɗa yana rubutawa, ita kuma Allah bai ba ta irin wannan kan ba. Na ce ƙwallo fa? Ta ce in mai bugu yana kusa tana kallon ƙafarsa da kafaɗarsa ta san inda zai aika. In yana nesa kuwa ƙarar bugun kawai take ji, sai ta tsaya ta jira ƙwallon ta fito daga cikin hazon, kafin nan ta iso. Tana ba ni wannan bayani tana cin gyaɗarta hankali kwance, ni kuwa na juya fuska wajen motoci don kada ta ga idona.

Washegari na kai wa Shugabar gidauniya bayani a rubuce, shafi uku. Ta karanta layin farko da na ƙarshe, ta ce 'yar jami'a, abin da za a faɗa da numfashi ɗaya kin yi masa littafi. Na gaya mata tsorona: in aka kai Tsigi asibiti ita kaɗai za a ce son kai ne, kuma ban yarda ita kaɗai ce a bencin baya mai wannan matsala ba. Ashe kulob yana da yarjejeniya da wani asibitin ido da ke duba manyan 'yan wasa kafin a fara kakar wasa. Shugaba ta ɗaga waya, ta yi ta jan likitan da zolaya, wai shekara nawa yana duba idon ƙattin da ba sa ganin raga, ya zo ya duba na masu amfani. Mako biyu bayan nan suka zo da motarsu. Likitan ya rataye allon haruffansa a jikin sandar raga, ya auna tazara da tef, yara suka yi layi a kan ciyawa suna rufe ido ɗaya da tafin hannu. An duba yara sittin da uku. Tara suna buƙatar gilashi. Na bi na tambaya, bakwai daga cikin taran a layuka biyu na ƙarshe suke zama a azuzuwansu. Ban ce duk wanda ke baya ido ne matsalarsa ba, ba ni da hujjar faɗin haka. Abin da na ƙirga ke nan. Tsigi babban harafin sama da na ƙarƙashinsa kawai ta iya karantawa.

A gida ne aka yi daga. Maman Tsigi ta zauna bakin keke ta ce sau nawa ta yi wa yarinyar nan faɗa don maƙwabta sun kawo ƙara cewa tana ganinsu a titi ba ta gaishe su. Inna kuwa ta ce ba a yi likitan da zai gaya mata haka ba. Ta ce yarinyar da ke zura mata zare a allura kullum, wani lokaci ma da magariba, ita za a ce ba ta gani? A zuriyarta ba makaho, kuma ba za a ɗaura wa 'yar shekara goma sha ɗaya gilashi a mai da ita tsohuwa ba. Na yi ta bayanin cewa ganin kusa daban, ganin nesa daban, ta ce in ajiye mata turancina a bakin ƙofa. Kwana biyu ba ta ko amsa mini gaisuwa da kyau. A na uku, da la'asar, sai ga ta ta fito daga kicin da hannu a baya. Ta tsayar da Tsigi a bakin ƙofar gida, ita ta taka har ƙarshen tsakar gida wajen tankin ruwa, ta ɗaga ludayi sama ta ce a gaya mata mene ne wannan. Tsigi ta matse ido, ta matse, ta ce takalmi ne. Inna ta sauke hannu a hankali. Ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta da jakarta, ta dube mu ta ce wai me muke jira, sai yarinya ta makance a hannunmu za mu motsa? Kai ka ce ita ta yi kwana biyu tana roƙonmu.

An yi mata gilashi biyu, kamar sauran yaran takwas, kuma ba a karɓi komai a hannun kowa ba. Ɗaya na makaranta, ɗaya na wasa mai kaurin baki da igiyar roba da ke zagaye ƙeya, wanda ba ya fashewa. Tsigi ta so ta ƙi, don ta ɗauka mai gilashi ba ya tsaron raga, sai da Koci ta ce mata raga tata ce har sai ranar da ta ce ta gaji. Ranar da muka karɓo, muna fitowa daga asibiti ta ja ta tsaya a kan matakala. Akwai wata bishiya a tsallaken titi. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce Gwaggo, ashe daga nan ma ganye ɗaya-ɗaya ne. Duk hanya karatu take yi da ƙarfi, allon kanti, lambar mota, rubutun bayan tirela, har direban tasi ya ce ko a yafe mata kuɗin mota ta yi shiru. Muna shiga gida ta hango Inna zaune can ƙarƙashin rumfa, ta ce ashe tun daga ƙofa Inna ke fara hararar mutum, ita da ta ɗauka sai an matso. Inna ta ce a cire mata gilashin nan, ya fara kawo rashin kunya. Amma na ga tana share ido da bakin zane.

Maganar benci ta fi wuya. Shugaba da ni muka je wurin hedimasta da malaman manyan azuzuwa. Malamin su Tsigi mutumin kirki ne, ya ji kunyar abin da ya rubuta, ya ce a ba ka haƙuri. Amma ya tsaya a kan cewa bencin gaba lada ne, in aka raba shi ga kowa me yaro zai yi wa ƙoƙari? Na faɗi abin da na iya: cewa yaron da bai gani ba ya faɗi, an mai da shi baya, ya ƙara rashin gani, ya ƙara faɗuwa, an ƙara mai da shi baya, to ta ina zai dawo? Ba su yarda a soke tsarin ba. Abin da aka cimma shi ne gwaji a aji biyu zuwa ƙarshen shekara: layuka za su riƙa juyawa duk mako, na baya su dawo gaba, kuma duk yaron da likita ya ba takarda zai zauna inda yake gani. Kulob ya aiko masu fenti suka sake baƙanta allunan makarantar gaba ɗaya. Tun daga nan an yi gwajin lissafi ɗaya a ajinsu, Tsigi ta ci sha huɗu cikin ashirin, a na baya biyar ta ci. Gwaji ɗaya ne tak, kada ka ɗauke shi fiye da haka. A rubutu har yanzu tana baya, domin abin da ya wuce ta shekara biyu ba zai dawo a wata ɗaya ba. Malamar ɗakin karatunmu ta ware mata lokaci a kan wannan.

Yau da rana aka yi wasan da ya sa na kasa tafiya gida ban rubuto maka ba. Da yaran nan masu kiranta Rariya aka kara. Da suka ga gilashi suka fashe da dariya, kyaftin ɗinsu ta ce a ci gaba da yi mata daga nesa. Ba a daɗe da farawa ba ita kyaftin ɗin ta sami ƙwallo kusa da da'irar tsakiya, ta ɗaga kai, ta narka ta sama wajen kusurwar dama. Yaya, na ga 'yarka ta motsa tun ƙwallon tana sama. Ta ja baya taku biyu, ta tashi, ta doke ta da yatsu ta haye sanda. Nan take muryar Koci ta cika filin. Sun sake gwadawa daga nesa har sau uku, duk ta kama, na ƙarshen ma ta rungume ta tsaya tana kallon mai bugun kamar tana tambayar ko akwai saura. Don kada in yi maka ƙari, an ci ta ɗaya: a wani bugun kwana aka yi cunkoso gaban raga, gumi ya sa gilashin ya zame, kafin ta gyara an tura. An tashi ɗaya da ɗaya. Inna ta zo, karo na farko a rayuwarta da ta taka filin ƙwallo. Ta zauna da lemarta a layin gaba tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa jikarta ce mai gilashin, kuma ita ta gano ciwon da ludayi. Yaran can sun canza mata suna zuwa Ido Huɗu. Na tambaye ta ko in kai ƙara, ta ce in bar su, huɗun duka suna aiki.

Akwai abu ɗaya da na daɗe ina juya yadda zan faɗa maka. Ka tuna ranar da muka raka ka tasha? Da motarku ta tashi ka leƙo ta taga kana ɗaga hannu har kuka sha kwana. Duk muka ɗaga, ban da Tsigi. Ka faɗa wa Maman Tsigi a waya, ka kuma maimaita mini, cewa yarinyar nan ko hannu ba ta ɗaga maka ba, ta tsaya tana kallonka da ido a tsuke kamar mai jin haushi. Na san abin ya zauna maka a rai, don ba ka saba maimaita magana ba. Shekaranjiya na tambaye ta, ban gaya mata kai ka faɗa ba. Ta ce tun da motar ta bar bakin rumfa ba ta ƙara ganinka ba. Tagogi ne jere, duk iri ɗaya. Ta yi ta neman wadda kake ciki, ba ta so ta ɗaga wa wani baƙo hannu a madadinka, kafin ta gano mota ta tafi. Ta ce ta ɗauka kai ne ba ka leƙo ba.

To, roƙona ke nan. Ka bar ta a shirin zuwa ƙarshen shekarar karatu, a ga sakamako biyu da gilashi a fuskarta. In ka ce a cire ta duk da haka, zan cire ta da hannuna kamar yadda ka ce, gilashin kuma nata ne, ba mai karɓa. Amma ina so ka sani ba ƙwallo ce ta kai ta bencin baya ba. A raga aka fara lura akwai abin da ke damunta, kulob ɗin kuma shi ya kawo likita har cikin fili. Ina alfahari da wurin nan da nake aiki, ina alfahari da ita fiye da yadda zan iya rubutawa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa gilashin waldarka, ido ba abin wasa ba ne, yanzu ita ce malamar ido a unguwa. Maman Tsigi tana gaishe ka da kyau, tata wasiƙar tana cikin ambulan ɗin nan. Auta yana gaisuwa, ya ce a turo reza. Kawu Mai Taya da iyalinsa suna gaisuwa, haka Gwaggo Babba da 'ya'yanta. Ka gaishe mana da maigidanku na wurin aiki, da abokin ɗakinka da ya yi jinyarka bara, Allah Ya saka masa da alheri.

Saura abubuwan da ban sani ba, don kada ka ce na ɓoye. Ban san matsayin da za ta zo a jarrabawar wannan zango ba. Ban sani ba ko idon zai tsaya a haka ko zai ƙaru, likita ya ce a mai da ita bayan wata shida. Ban sani ba ko hedimasta zai bar layuka su ci gaba da juyawa bayan gwajin, ko kuma asibitin zai sake zuwa baɗi don sababbin yara, Shugaba tana kan magana da su. Ban san abin da za ka yanke ba. Ban kuma san ranar dawowarka ba. Tsigi ta ce in ka sa rana, kada ka bari mota ta kawo ka ƙofar gida. Ka sauka tun daga bakin titi, wajen koren kantin nan, ka tsaya cikin mutane kada ka kira ta. Ita za ta fara ɗaga hannu.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Gwaggon Tsigi